Ra'ayinmu: Rarar Kuɗin Fansho, Gyaranta a Littafi Biyu Yake

A makonnin da suka gabata wata 'yar'uwarmu malama, wadda ke ƙarƙashin tsarin fansho na adashen gata, ta zo ofishin reshe riƙe da takardun albashinta na wata goma sha huɗu a cikin leda. An yi mata ƙarin girma tun bara, amma abin da ke shigowa asusunta na banki bai nuna alamar an yi ba. Da muka baje takardun a kan tebur, sai muka ga layin fansho ya fito sau biyu a kowace takarda: ana cire mata a kan tsohon matakinta, ana kuma cire mata a kan sabo. Ta shaida mana cewa da ta yi ƙorafi a ɗakin malamai, kusan kowa cewa ya yi ta bar maganar, ai ajiya ce, ranar ritaya za ta tarar da abinta. Sai dai da ta karɓo bayanin asusunta daga kamfanin da ke kula da fanshonta, ta tarar cira ɗaya kaɗai ke isa can. Ɗayar tana barin albashinta kowane wata, amma ba ta sauka ko'ina da sunanta.

Ba mu kawo wannan labari don nuna wa kowa yatsa ba. Akawun da ke shigar da lambobin ɗaruruwan ma'aikata ɗan Adam ne, kuma ɗan Adam ajizi ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne maganar da aka faɗa mata, domin ita ce maganar da akasarinmu za mu faɗa. Matsayin wannan reshe a fili yake: duk kwabon da aka cire da sunan fansho fiye da abin da doka ta tanada, alhali mai albashin bai nema a rubuce ba, kuskure ne da ya wajaba a gyara da wuri. Gyaran kuwa a littafi biyu yake, na fansho da na haraji, domin kuskuren a duka biyun ya bar sawu.

Ya kamata mu fara da abin da doka ta ce. An shigo da tsarin adashen gata a Nijeriya da dokar gyaran fansho ta 2004, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda ma'aikaci da mai biyansa albashi kowa ke zuba kashi 7.5 cikin 100. A 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka maye gurbinta da sabuwa. Ita ce ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8, mai biyan albashi kuma ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Ana yin wannan lissafi a kan abin da bai gaza gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Kuɗin yakan shiga asusun ajiyar ritaya mai ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, wani kamfani yana juya shi, wani kamfanin dabam yana tsare da shi, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido a kan su duka. Dokar ta ba mai biyan albashi kwana bakwai na aiki daga ranar da ya biya albashi ya aika da kuɗin, in ya saɓa kuwa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata.

Wannan doka ce ke hawa kan 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu da ke aiki a makarantun tarayya, kamar Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bakori ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da waɗanda ke koyarwa a manyan makarantu masu zaman kansu a Funtuwa da Malumfashi da Katsina. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, a aikace kowace jiha takan yi tata dokar. Jigawa ta kafa tsarinta na karo-karo tun 2001, Kano ta yi dokarta a 2006, Kaduna kuma ta fara aiwatar da adashen gata a 2017. Kason da ake cirewa da yadda ake ajiye shi sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Abu ɗaya ne bai bambanta ba: ko'ina akwai rubutaccen kaso, kuma abin da ya haura shi ba tare da yardar mai shi ba, rara ce.

Ta ina haraji ya shigo? Harajin albashi tun daga tushe ake cire shi, kafin kuɗi ya iso hannunmu, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin kansu a matsayin masu biyan haraji ba. Doka ta ce gudunmawar fansho ba a ɗora mata haraji. Sai an fitar da ita daga albashi tukuna, sannan a lissafa haraji a kan abin da ya rage. Ke nan duk lokacin da aka cire fansho fiye da kima, abin da ya rage yakan ƙanƙance, harajin da aka lissafa a kansa shi ma yakan gaza abin da ya kamata. Malami ya yi asara a gefe guda, a ɗaya gefen kuma bashin gwamnati ya hau kansa bai sani ba.

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka zaɓa don sauƙin lissafi. A ɗauka albashin malami naira 120,000 ne a wata, wato 1,440,000 a shekara, kuma ɓangaren da ake lissafa fansho a kansa 100,000 ne. Kashi 8 na wannan shi ne 8,000 a wata, ko 96,000 a shekara. Sai aka yi kuskure, aka cire masa kashi 10, wato kason mai biyan albashi, kuma a kan albashin gaba ɗaya. Ya zama ana cire 12,000 a wata, 144,000 a shekara. Rarar ita ce 4,000 a wata, 48,000 a shekara.

Yanzu a duba haraji. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, sannan ta sa kashi 15 cikin 100 a kan miliyan 2.2 da ke biye. In an yi daidai, za a fitar da 96,000 daga 1,440,000, saura 1,344,000. A fitar da 800,000 da aka yafe, saura 544,000. Harajinsa na shekara 81,600. Da kuskuren kuwa, abin da ya rage 496,000 ne, harajin da aka cire 74,400. Bambancin naira 7,200 ne. Ranar da aka mayar wa wannan malami da 48,000 ɗinsa, ta koma albashi, albashi kuwa akwai haraji a kansa. Nasa na halas 40,800 ne, 7,200 kuma na hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ne. Mun bar sauran rangwame a gefe don kada lissafin ya cakuɗe. Wanda kuma abin da ake lissafa wa haraji nasa bai haura 800,000 a shekara ba ko bayan an mayar da rarar, kuɗin nasa ne baki ɗaya.

Wani zai ce 4,000 a wata ba ta kai a tayar da jijiyar wuya a kanta ba. Mai faɗin haka bai taɓa fita da asuba daga Matazu zuwa makarantarsa a Sayaya ko Karaduwa ko Gwarjo a kan babur ba, yana lissafin man da zai kai shi ya dawo da shi. Kusan kowane malami a wannan yanki manomi ne. Naira 48,000 a farkon damina kuɗi ne da ke shiga maganar taki da iri da ladan 'yan ƙwadago, kuma abin da aka rasa a lokacin shuka ba a mayar da shi da kaka. Matanmu da mazanmu da ke riƙe da cefane sun fi mu sanin nauyin wannan giɓi.

To, mu koma kan hujjar nan ta cewa ai ajiya ce. Tana da rauni ta fuska uku. Ta farko ita ce wadda 'yar'uwarmu ta gani da idonta: ba duk abin da aka cire ke isa asusu ba. Lambar da ke kan takardar albashi shaida ce cewa kuɗi ya fita, amma bayanin asusun fansho ne kaɗai ke shaida cewa ya shiga. Ta biyu, ko da ya isa, ya shiga wurin da ba a buɗewa sai mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, in ban da 'yan hanyoyin da doka ta keɓe, kamar kashi 25 cikin 100 ga wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba. Tunda kuwa dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, a inda ake aiki da ita jiran ya ƙara tsawo. Ta uku, kuma ita ce mafi ciwo, rara ba kullum daga albashin malami take fitowa ba. Wani lokaci mai biyan albashi ne ke zuba nasa kason fiye da ƙa'ida, saboda an ɗora mutum a matakin da ba nasa ba, ko an aika kuɗin wata guda sau biyu, ko kuɗin wani mai irin sunansa ya faɗo asusunsa. Wannan ba kuɗin malamin ba ne, kuma ranar tantancewa ta ritaya ake tono shi. Mutum ya shekara ashirin yana kallon lamba yana gina burinsa a kanta, sai a zare rarar, a kuma jinkirta biyansa har a gama daidaita lissafi. In kuwa rai ya yi halinsa kafin nan, magada ne za su yi ta zarya da fayil ɗin da ba su san kansa ba.

Ba muna hana kowa ƙara ajiya ba ne. Doka ta buɗe ƙofar gudunmawar ganin dama: malami ya rubuta wa mai biyansa albashi cewa a riƙa cire masa ƙari. Wannan tana da nata gurbi a cikin asusu da nata ƙa'idoji. A bisa tsarin PenCom, rabinta ana kulle shi sai ritaya, rabi kuma ana iya taɓa shi kafin nan, sannan ribar da ta haifa ana cire mata haraji in an janye kafin shekara biyar. Wanda ya ga yana da hali, ya shiga ta wannan ƙofa da saninsa da sa hannunsa. Rarar da kuskure ya haifar kuwa ba ta da takarda, ba ta da gurbi, ba kuma wanda zai tsaya mata ranar da aka yi tambaya.

Akwai kuma masu cewa a karɓo rarar a yi shiru da maganar haraji, kada a tono abin da ke kwance. Ba ma tare da su. Mu ne ke tsayawa gaban allo muna koya wa yara cewa amsar lissafi ɗaya ce ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Bai dace mu nemi haƙƙinmu da ƙarfin murya, mu danne na jama'a da shiru ba. Ban da haka, shirun ba ya ɗorewa. Dokar haraji ta daɗe da ba hukuma damar waiwayar shekara shida, kuma takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekara uku da suka wuce, takan tashi a lokacin da mutum bai zata ba, wajen neman takardar fili ko wata buƙata a gwamnati. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Amurka, inda doka ta ƙayyade iyakar abin da mutum zai zuba a asusun ritayarsa na ƙashin kai a shekara, wanda ya haura bai cire ba ana cin sa tarar kashi 6 cikin 100 na rarar a kowace shekara muddin tana ciki. Mu dokarmu ƙasa ta kafa wa gudunmawar dole, ba irin waccan tara, amma darasin ɗaya ne: kuskuren fansho ba ya tsufa ya mutu, ƙaruwa yake yi.

Hanyar gyara ba ta da sarƙaƙiya, haƙuri da takarda take buƙata. Mataki na farko shi ne malami ya daina ɗaukar saƙon banki a matsayin takardar albashi. Saƙon banki jimla kawai yake nunawa. A nemi cikakkiyar takardar da ta jera gundarin albashi da alawus da duk abin da aka cire, ta kowane wata, a adana. Na biyu, a karɓi bayanin asusun fansho, wanda haƙƙin mai asusu ne a ba shi a kai a kai, a jera shi da takardun albashi wata bayan wata. Alƙalami da bayan tsohuwar takardar jarrabawa sun isa: ga abin da doka ta ce a cire, ga abin da aka cire, ga abin da ya isa. An fi samun tuntuɓe a watan ƙarin girma, da watan sauyin wurin aiki, da watan biyan ariyas, da lokacin da aka sauya jadawalin albashi, kamar bayan da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024. Waɗannan watanni a dube su sau biyu.

Na uku, a rubuta wa mai biyan albashi, a haɗa kwafin hujjoji, a riƙe kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Maganar baka a bakin ƙofar ofis iska ce ke ɗauke ta. A nemi abu biyu a wasiƙar: a tsayar da kuskuren daga wata mai zuwa, a kuma mayar da abin da ya wuce. In rarar ba ta taɓa barin hannun mai biyan albashi ba, shi ne zai mayar kai tsaye. In ta riga ta shiga asusun ajiyar ritaya, kamfanin ba zai fitar da ita don mai asusu ya roƙa ba. Mai biyan albashi ne zai nema a rubuce da hujjojinsa, kamfanin ya tantance, a bi ƙa'idar PenCom. Wanda ke ƙarƙashin tsarin jiha, hukumar fansho ta jiharsa ce madogararsa.

Na huɗu shi ne littafin haraji, wanda aka fi mantawa da shi. Kowane mai biyan albashi yana miƙa wa hukumar haraji ta jiha bayanin ma'aikatansa na shekarar da ta wuce zuwa ranar 31 ga Janairu, shi kuma mutum yana da zuwa 31 ga Maris ya miƙa nasa bayanin kuɗin shiga. In an gano kuskuren a cikin shekara, sai a daidaita harajin a watannin da suka rage, magana ta ƙare. In shekara ta riga ta rufe, sai malami ya nemi a gyara bayanin da aka miƙa da sunansa, ya tabbatar an rubuta gudunmawar fansho ta gaskiya, an kuma cire harajin da ya hau kan rarar da ƙimar shekarar da abin ya faru. Watannin 2025 da na baya tsohuwar doka ce ke hukunci a kansu, ba sabuwa ba. Gyaran yakan juyo ta wajen malami ma. In an ƙi fitar da kuɗin fansho kafin lissafa haraji, shi ke bin hukuma. Haka nan sabuwar doka ta tanadi rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida na shekara, muddin bai haura naira 500,000 ba, sai dai ba a ba wanda bai bayyana hayarsa ba. Malaman da ke zaman haya su riƙe rasit.

Ga masu biyan albashi, buƙatarmu ba ta da yawa. A ba kowane malami takardar albashinsa kowane wata ba sai ya roƙa ba. A daina kallon mai tambaya a matsayin mai neman fitina, domin malamin da ya gano kuskure a wata na biyu ya sauƙaƙa wa ofis aikin da zai zama jidali a shekara ta ashirin. In kuma an gano kuskure a takardar mutum ɗaya, a duba duk waɗanda aka yi wa ƙarin girma tare da shi, tunda hannu ɗaya ne ya shigar da su.

Mu ma a matsayin ƙungiya akwai inda muka gaza, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya a 1931, gwagwarmayarmu ta fi karkata kan abin da za a ƙara mana. Mun iya zaman sulhu a kan ƙarin albashi, amma ba mu cika zama da ɗan'uwa mu karanta layukan da ke ƙasan takardarsa ba, inda ake ragewa. A cikinmu akwai malaman lissafi da za su iya duba takardun makaranta guda a yamma ɗaya. Saboda haka muna kira ga wakilin ƙungiya na kowace makaranta ya tattaro takardun albashi na wata uku na ƙarshe daga duk mai so, a zo da su taron reshe mai zuwa. Za a duba su cikin sirri, a mayar wa kowa tasa. Inda kuskure ya shafi mutane da yawa, reshe ne zai rubuta da sunan kowa, don kada wani ya ji tsoron a ce shi ne mai baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga iyalanmu kuma muna da roƙo. Uwargida ta san inda takardun fanshon maigida suke, maigida ya san na matarsa, babban ɗa ko 'ya su san sunan kamfanin da lambar asusu. Ba fatan tsiya ba ne, tanadi ne.

'Yar'uwarmu ta miƙa wasiƙarta, tana riƙe da kwafi mai hatimi, kuma a takardarta ta watan da ya gabata layin fansho ɗaya ne. Maganar wata goma sha huɗun baya da gyaran harajinsu tana nan, reshe na biye da ita har a ga ƙarshenta. Kafin wata ya sake ƙarewa, kowannenmu ya nemi tasa takardar, ya zauna da alƙalami ya duba. Allah Ya sa mu ga ritayarmu lafiya, Ya kuma tsare mana guminmu.